Yadda za ka tsara kula da kanka kafin damuwa ta kai ka ƙasa

Mutane da yawa a garin Bauchin nan sun gaji, kuma ba irin gajiyar da barcin dare ɗaya yake ɗaukewa ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin keke ya tashi, kwanon masara ya tashi, kuɗin makarantar yara ba a magana, sai ka ga magidanci yana tafiya bakin titin Wunti yana lissafi da yatsu yana magana shi kaɗai, ko mace ta zauna gaban murhu tuwo na ƙauri ita hankalinta na can wani waje. In ka yi magana a ce maka sai haƙuri. Haƙuri kam dole ne ba wanda ya musa, amma ai bai hana mutum ya zauna ya tsara yadda zai riƙe kansa ba, kuma tsarin nan nake so mu yi magana a kai, yadda ake yinsa a aikace, ba irin na masu hali da muke gani a Instagram ba.

Na san wani zai ce wannan ai son kai ne, mutum ga iyali ga iyaye ga ƙanne ina ya ga lokacin kansa. To ka tuna hadisin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, da Salmanu ya ga ɗan'uwansa ya hana kansa barci da abinci saboda ibada har matarsa ta daina kwalliya, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa, kuma da maganar ta je gaban Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In ibada ba ta zama hujjar wulaƙanta jiki ba, neman kuɗi da hidimar mutane ba za su zama ba.

Ka fara da siyan ƙaramin littafi, irin na 'yan firamare ɗin nan, da biro. Kar ka ce za ka rubuta a waya, don da ka ɗauke ta saƙo zai shigo ka manta abin da ya kawo ka. Satin farko ba abin da za ka canja a rayuwarka, lura kawai za ka yi. Kullum bayan isha'i ka rubuta ƙarfe nawa ka kwanta jiya ƙarfe nawa ka tashi, me ya fi ɓata maka rai yau, sannan me ya ɗan sanyaya maka zuciya ko da gaisuwar wani ce. Layi uku ya isa, da boko ko da ajami duk ɗaya ne, wanda ba ya rubutu ya yi wa kansa saƙon murya. Ke uwargida in kina tsoron yara ko wani ya ɗauka ya karanta, ki sa shi ƙasan akwati ko ki rubuta da alamar da ke kaɗai kika gane.

Ranar da sati ya cika ka zauna ka karanta daga farko. Wallahi za ka sha mamaki, don yawancinmu muna cewa “komai ne ya dame ni” amma in aka rubuta sai ka ga abu biyu ne ko uku suke ta dawowa. Ɗauki mai keke misali, wanda yake fita tun asuba daga Yelwa zuwa Muda Lawal yana kai da komo, a littafinsa zai ga duk ranar da ya rubuta “na yi faɗa da fasinja” ko “na daka wa uwar yara tsawa”, daren da ya gabata bai kwanta ba sai ɗaya saura, ya tsaya gidan kallon ƙwallo sannan ya biya wajen mai shayi, kuma ya fita da safe ba karin kumallo ga kuɗin balas da zai kai wa wanda ya mallaki keken yana jiransa da yamma. Shi a zatonsa halinsa ne ya lalace ko wani ya sa masa hannu, alhali rashin barci ne da yunwa da tsoron kar balas ya ƙi cika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba.

Daga nan ka zaɓi abu biyu kacal da za ka gyara a wannan watan. Biyu fa na ce. Masu cewa daga gobe zan daina kaza zan fara kaza har guda goma, ba sa kai Juma'a. Kuma duk abin da ka zaɓa ka ɗaura shi a jikin abin da dama kana yinsa kullum, mu kuma Allah ya riga ya raba mana yini kashi biyar da salloli, to ka yi amfani da su: bayan asuba tafiyar ƙafa, bayan azahar ɗan kishingiɗa, bayan isha'i littafi sannan a ajiye waya. 'Yan'uwa Kirista na Yelwa da Tafawa Ɓalewa da Bogoro su ɗaura nasu da addu'ar safe da ta dare. Dalili shi ne abin da ba shi da lokacinsa mantawa ake, kuma ai an ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

In ka rasa da me za ka fara, ka fara da barci, ni a ganina shi ne uwa uba. Baligi yana buƙatar awa bakwai zuwa tara, kuma wanda yake tashi asuba ƙarfe biyar in yana son bakwai ɗin nan dole ya kwanta wajen goma. Na san akwai abin da ba a hannunka yake ba, zafin Maris da Afrilu da ɗaki yake zama ba ya kwantuwa, sauro, NEPA da ba sa kawo wuta sai tsakar dare kowa ya tashi caji da guga. Amma akwai na hannunka. Shayin dare mai kauri, goro, kofi da lemukan ƙara kuzarin nan da samari suke ɗirka, sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar awanni a jiki kafin ya sake ka, don haka bayan la'asar ka haƙura da su. Waya kuma kar ta kwana a kan katifa, ka sa ta caji can nesa inda sai ka miƙe za ka ɗauko, don wanda ya ce bari in duba TikTok minti biyar shi ne za ka ga sha biyu ta wuce yana nan ido biyu. Ka watsa ruwa kafin ka kwanta, ka ɗaura gidan sauro ka kwana a tsakar gida in zafi ya yi yawa. In tunani ya hana ka runtsawa kar ka yi ta juyi, tashi ka rubuta abin a littafi ka rubuta gefensa “gobe bayan azahar”, ƙwaƙwalwa tana ɗan sakin abu in ta ga an ajiye mata shi. Ƙailula ma tana da kyau amma kar ta wuce rabin awa, in ta yi tsawo ita za ta cinye maka barcin dare.

Motsa jiki ba sai ka je wajen ɗaga ƙarfe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a sati ga baligi, wato rabin awa sau biyar, tafiya da ɗan sauri yadda za ka ji numfashi ya ƙaru amma kana iya magana. Ka sauka a keke kafin ka kai ka taka sauran, kuɗinka ma ya ragu. Mata ku haɗu ku biyu ko uku 'yan layi ɗaya ku taka zuwa islamiyya, wadda ba ta fita ta zaga tsakar gida ko ta yi tsallen igiya da yaranta ba abin kunya ba ne. Abinci kuma a ci da safe ko da koko da ƙosai ne ko masa biyu, a sha ruwa sosai, kuma wanda ya haura arba'in ya riƙa tsayawa ana auna masa jini, hawan jini ba ya sallama.

Sai maganar aljihu, don ƙarya ne a yi zancen kwanciyar hankali a tsallake bashi. Mutum da yawa bashi ne yake hana shi barci amma ko jimillarsa bai sani ba, tsoron lissafawa yake. Buɗe shafi ɗaya ka rubuta kowa da abin da yake binka, mai shago, mai nama, zubin adashen da ka tsallake, kuɗin makaranta, manhajar rancen nan ta waya. Zai yi ɗaci ranar farko amma abin da ka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda kake ta ƙiyastawa cikin dare. Sannan ka daina canja layi don kar ka haɗu da mai binka, ka je ka same shi da kanka:

“Alhaji barka da kasuwa. Na zo ne kan kuɗin nan naka, wallahi ban manta ba kuma ba zan iya biya gaba ɗaya yanzu ba, amma duk ranar Asabar zan kawo dubu biyu har Allah ya sa a gama.”

Zai iya yin faɗa, zai iya cewa “ai da ka zo tun tuni”, amma yawanci ɓuyan ne yake ƙona musu rai fiye da jinkirin. Ka faɗi abin da ka san za ka iya cikawa, kar kunya ta sa ka ce dubu goma. Rancen waya mai ruwa kuwa shi za ka fara kashewa kuma kar ka ci wani don biyan wani, haka ma cacar ƙwallo, ba ta taɓa fidda kowa daga bashi sai dai ta ƙara dulmiyar da shi. Mata kuma anko da gudummawar biki, don Allah daidai ruwa daidai tsaki, ki je da kayan da kike da shi ki kai abin da ya sawwaƙa, wadda za ta daina gaishe ki saboda atamfa dama can ba taki ba ce.

Yanzu zuciyar kanta. An raine mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne ba kowa ake buɗe wa ciki ba, amma hakan ba ya nufin babu ko mutum ɗaya. A tsarinka dole ka rubuta sunan mutum ɗaya, in ka samu biyu ka gode wa Allah, wanda ka san ba ya kai magana majalisa kuma ba zai fara maka wa'azi kafin ka gama ba. Zai iya zama yayanka, ƙanwar mahaifiyarka, abokin ƙuruciya, malaminka. Kuma ka faɗa masa abin da kake so tun farko: “Yaya, magana nake so mu yi, ba kuɗi na zo nema ba, so nake kawai ki saurare ni.” Wannan jimlar tana sauƙaƙa abu sosai don a halin da ake ciki kowa ya ga an ce ana son ganinsa gabansa faɗuwa yake. Kai ma in aka zo maka da irin haka ka ajiye waya ka saurara, kar ka yi saurin cewa “ai wasu sun fi ka shiga matsala”, ya sani, bai hana nasa yi masa ciwo ba.

Ka koyi bambance abin da kake ji. Fushi daban, tsoro daban, kunya daban, kewa daban, kuma kowanne da maganinsa. Sau da yawa namiji tsoro yake ji, tsoron kasa riƙe gida, amma sai ya fito a matsayin tsawa, yara su riƙa shigewa ɗaki da sun ji ƙarar mashin ɗinsa. In ka ji ya taso, sunna ta riga ta koya mana, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta, ka yi shiru, ka nemi tsari. Ka haɗa da numfashi, ka ja iska ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake ta baki kana ƙirga shida, ka maimaita na kamar minti biyu, fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Kafin ka shiga gida da yamma ma ka tsaya a zaure ka yi shi, ka bar haushin kasuwa a waje. Kuka kuma ba rashin imani ba ne, Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta.

Akwai kuma koyon cewa a'a, wanda yake mana wuya ƙwarai saboda kara. Ba rashin kunya za ka yi ba. “Kawu, wallahi wannan watan ba hali, amma in an yi albashi zan ga abin da zan iya.” “Anti ki yi haƙuri yau ba zan samu zuwa ba, jikina ba daɗi.” Shikenan, ba sai ka ƙirƙiro ƙarya ba. Gurup ɗin WhatsApp da ba abin da ake sai gulma da hotunan gawa da faɗan siyasa ka kashe masa ƙara ko ka fita, istatus ɗin wanda duk ka kalla sai ka ji ka raina kanka ka ɓoye shi. Zumunci na gaske kuwa ka ƙara masa, ka sa a tsari duk Juma'a bayan masallaci gida ɗaya za ka leƙa, ƙafa da ƙafa ba ta waya ba.

Bangaren ci gaba, abu ɗaya za ka ɗauka ka ba shi wata uku. Ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, kwamfuta, haddar izu ɗaya, karatun yaƙi da jahilci, kiwon kaji goma a bayan gida, ko ma koyon rubuta cinikin shagonka. Minti ashirin a rana. Amfaninsa ba kuɗi kaɗai ba ne, mutumin da ya gama jami'ar ATBU ko Poli ya yi bautar ƙasa ya dawo gida shekara biyu ba aiki, abin da yake kashe shi shi ne jin cewa jiya da yau duk ɗaya ne, to da ya ga hannunsa ya iya abin da bai iya ba watan jiya sai ka ga ya fara ɗaga kai. Kuma a sa hutu a lissafi, ko zama bakin dam ɗin Gubi da yamma, ko ku yi ɗan adashe da abokai sau ɗaya a shekara ku je Yankari ku shiga ruwan ɗumin Wikki, abin takaici baƙi suna zuwa daga nesa mu da yake jiharmu da yawa ba mu taɓa leƙawa ba.

Duk ranar Juma'a da yamma ka buɗe littafin ka duba satin. Abin da ya yiwu ka ci gaba, abin da ya gagara ka rage shi, in rabin awa ta gagara ka mai da ita minti goma. Za a yi rasuwa, za a yi baƙi, azumi zai zo ya juya lokutan barci, tsarin zai watse, in ƙura ta lafa ka ɗora daga inda ka tsaya ba tare da zagin kai ba.

Amma fa akwai inda littafi da tafiyar asuba ba za su wadatar ba, kuma nan nake roƙo a kula sosai. In mutum ya yi sati biyu ko fiye kusan kullum ransa a ɓace, abin da da yake jin daɗinsa ya daina, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, ba ya iya tattara hankali, yana jin shi ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne kuma ciwo ne kamar suga ko hawan jini, yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 280 ne suke fama da shi a 2019, kuma ya fi yawa a mata. Mai jego da ta yi ta kuka, ba ta son ɗaukar jaririnta, ba ta barci ko da ya yi barci, kar a ce mata shagwaɓa ce ko a tsaya a kan iska kawai, a kai ta asibiti. A yi addu'a a yi ruƙiyya, a kuma ga likita, ɗaya bai hana ɗaya ba. Wanda kuma ya fara neman sauƙi a tiramol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018, shi ma taimako yake buƙata kafin duka da ɗauri. Ko doka ta canja, a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba mai wannan lalura haƙƙin a mutunta shi.

Asibitin koyarwa na ATBU a nan Bauchi yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, wanda yake ƙauye ya fara da asibitin da ya fi kusa su tura shi. In za ka je ka tafi da littafin nan da duk maganin da kake sha har na gargajiya, ka tafi da mutumin nan da ka yarda da shi, kuma kar ka ce wa likita ciwon kai da kasala kawai, ka ce “likita, sati kaza ke nan ba na barci, ba na jin daɗin komai”. In an ba ka magani yakan ɗauki makonni kafin ka ji canji, kar ka daina don ka ji shiru ko don ka ji sauƙi sai da sanin likita. In kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ko ka ji wani yana cewa gara ya mutu ya huta, ba a jiran sati biyu, a ranar za a faɗa wa wani, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kar a bar shi shi kaɗai, a wuce da shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.